Saura Kaɗan Gida Ya Kimtsu

Shekarun baya, lokacin da nake da sumar kai da kuma ra'ayi a kan kowane al'amari, na yi imani da zuciya ɗaya cewa babu daular da ta taɓa faɗuwa face sai da aka fara rasa inda za a rataye tawul a cikinta. Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Gusau, saboda haka ina da damar faɗin irin wannan magana ba tare da kowa ya nemi hujja ba. Nakan ce wa ɗalibaina, tun kafin maƙiyi ya iso ƙofar gari, ku leƙa cikin gidaje, za ku tarar murfin tukunya ya riga ya rabu da tukunya. Su rubuta, ni kuma in ji daɗi.

A lokacin muna haya a Tudun Wada, ciki da falo da ɗan kicin a tsakar gida, ni da matata da 'yarmu ta fari. Sunan mahaifiyata aka sa wa yarinyar, don haka tun ranar suna sunan ya haramta a bakinmu ta fuska biyu: ga shi na Inna, ga ta 'yar fari. Inna kan ce mata Takwara. Mu kuwa muka rasa abin cewa, muka tsaya a kan "yarinyar nan".

Matata mutuniyar Bungudu ce, daga gidan da har yanzu suna da shanu a daji, kuma a wajensu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. In da baƙi a ɗaki, yarinyar za ta yi ta kuka uwar tana duban bango kamar 'yar maƙwabta ce, sai wata ta ce, "Haba, ɗauke ta mana," sannan ta ɗauka tana ɓata fuska. Ni ma a waje haka nake. Amma in an rufe ƙofa, wannan malamin da ɗalibai ke tsoro shi ne mai rarrafe a kan leda yana kukan tunkiya, uwar tana dariya tana roƙon Allah kada shugaban makaranta ya yi sallama.

Yarinyar ba ta kai shekara ɗaya da rabi ba sai ga wani ciki. Manya suka ce a yaye ta. A wajenmu kuwa ba a cika yaye yaro a gaban uwarsa ba. Wajen kaka ake kai shi, ya yi 'yan makonni har ya manta da nono, sannan a dawo da shi. Wata Juma'a matata ta haɗa mata kaya a 'yar jaka: riguna kaɗan, zanen goyo, da kofinta na roba. Ta ce, "Ban sa da yawa ba, Malam. Ai ba daɗewa za a yi ba." Ba ta raka mu ko bakin zaure ba, don maƙwabta na tsakar gida.

A Tsafe, Inna ta karɓe ta tun daga ƙofa. "Kawo ta nan. Takwara, kin zo ki cinye min gero ko?" Ta dube ni a kaikaice, don ni ma ɗan farinta ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, Malam take ce min kamar kowa. Ta ce, "Ka tahi abinka. In ta manta, sai a san abin yi."

Na sha koyar da yarjejeniyoyin da suka jawo yaƙi saboda an bar wani sashe a buɗe. Wannan "a san abin yi" ya fi su duka. Babu wanda ya ce wa zai sani.

Cikin ya zo da wahala. Aka je asibiti aka ce biyu ne, kuma a rage mata aiki. To, wa zai yi maganar dawo da yarinya mai koyon gudu? Makonni suka zama watanni, aka haifi tagwaye, duka maza. Daga ranar sunan matata ya koma Maman Biyu a unguwa, ita ma ta amsa, ko da yake ta iya ƙirga.

Wanda bai taɓa zama da tagwaye a ciki da falo ba, kada ya ce ya san tarihi. Na taɓa shiga aji da nafkin a aljihu ina zaton hankici ne. Na taɓa neman hulata har na makara, aka same ta a cikin bokitin jiƙo. Akwai ranar da aka yi wa yaro ɗaya wanka sau biyu, ɗan'uwansa yana kwance yana kallonmu da dauɗa a ƙafarsa, kamar mai jiran ya ga iyakar hankalinmu. Takardun jarrabawa na kan gado, kwanon koko na kan takardun, kyanwar maƙwabta na kan kwanon. A wannan hali na miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki na yi wa matata jawabi.

Na ce, "Maman Biyu, ba za a dawo da yarinyar nan cikin wannan yamutsi ba. Bari mu kimtsa gida tukuna. Da ya kimtsu, shi ke nan."

Ta ce, "To, Malam." Ta daɗe ba ta yi min "to" mai sauri irin wannan ba.

Muka shiga aiki, kuma gaskiya ita ta fi ni yi, ni dai na fi ta bayani. Na sayo kwandunan roba uku, ja da shuɗi na tagwaye, kore na yayarsu. Na buga ƙusoshi uku a bango, ƙasa-ƙasa daidai hannun yaro. Kafinta ya yi mana kanta mai hawa uku: sama magani da ashana da duk abin da ke yanka, tsakiya kayan abinci, ƙasa abin da in yaro ya jawo ba zai kashe kowa ba. Muka kafa doka, kowane abu da gidansa, kuma ba ya kwana a gidan wani. Ita ta tsara yini. Kafin in dawo masallacin asuba ruwan zafi na cikin fulas, wanka, koko, sannan in fita. Da hantsi su yi barci ta yi wanki, kafin azahar an shanya. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a zube musu gwangwanaye su yi ta bugu. Da an kira magariba, komai ya koma kwandonsa.

Abin mamaki, abin ya yi aiki. Ina faɗa ne don kada wani ya ce tsari ƙarya ne. Cikin 'yan watanni sai ga ni ina isa makaranta da hula a kai. Matan gida suka fara leƙowa suna kallon kantar nan kamar an kawo ta daga Makka. Ja da shuɗi kullum a cike, a zazzage, a sake cikawa. Kore kuwa yana gefe, tsaf, babu ko ƙura, don kullum sai an goge shi.

Yanzu sai maganar ɗauko ta. A nan ne ilimina ya tsaya.

Yaya zan buɗe baki in ce wa mahaifiyata ta ba ni 'yata? Na farko, nuna son 'yar fari ne ƙarara, abin da ko a gaban aboki ba a yi. Na biyu, kamar na ce riƙon bai yi ba ne. Matata kuwa ba a ma maganarta, suruka ba ta tambayar uwar miji abin da ke hannunta. Sai na yi dabara irin ta masu karatu. Na ce duk ƙarshen wata in na je Tsafe gaisuwa, zan riƙa ba Inna labarin yadda gida ya gyaru, dalla-dalla, har ita da kanta ta ce, "To ai sai ku ɗauki abarku."

Haka na riƙa yi. In zauna a bakin tabarma in yi ta lissafa mata kwanduna da ƙusoshi da lokacin wanka. Amma ɗan mutunci ba ya yabon gidansa har ƙarshe a gaban uwarsa, kada ya zama alfahari, kada kuma ta gane inda aka dosa. Saboda haka kowane bayani nakan rufe shi da ɗan ƙanƙan da kai.

"Alhamdu lillahi, Inna, abubuwa sun yi sauƙi. Saura dai mu samu katifa ƙarama."

"To, Allah shi kimtsa."

Wata na gaba an samu katifa. "Saura dai mu ga tagwayen sun fara zama."

"Allah shi kimtsa."

Suka zauna, saura rarrafe. Suka rarrafa, saura damina ta wuce don ɗakin na yoyo ta kusurwa. Ban taɓa rasa saura ba. Mutumin da ya yi shekaru yana rubuta wa ɗalibai "da sauran gyara" a ƙasan takarda ba zai rasa ba.

Abin da na lura da shi kuma, duk zuwan da na yi sai in tarar da yarinyar fes: sabon kitso, kwalli a ido, ƙafa ta sha mai, riga mai kyau. Na fassara abin da kaina, kamar yadda na saba fassara abin da ban sani ba. Na ce Inna na nuna min ne cewa yarinya ta samu wuri, kada in kuskura. Sai in aje biskit in ce na yaran gida ne, in saci kallonta tana laɓe bayan zanen Inna, in hau babur in dawo. Da ta fara magana sosai, ta ji kowa na ce min Malam, ita ma ta kama. Ranar farko da ta durƙusa ta ce, "Malam, ina wuni," har dariya na yi. A hanya ne dariyar ta ƙare.

In na iso gida, matata ba ta tambaya kai tsaye. Sai ta kawo ruwa, ta tsaya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

"Ya mutanen Tsafe?"

"Lafiya lau."

"Duka?"

"Duka."

"Inna ba ta ce komai ba?"

"Ta ce Allah shi kimtsa."

Sai ta ce amin, ta ɗauki kofi ta fita.

Akwai wata 'yar maƙwabta da aka haifa wata ɗaya da tamu. In matata ta sayi yadi, sai ta kira yarinyar ta gwada a jikinta, ta ce wa tela ya ƙara ɗan tsawo, "don waccan ta ɗauko ƙafar ubanta." In an ɗinko ta ninke ta sa a kwandon kore, wai ta tarar da su. Su yi watanni a nan, har ta ga 'yar maƙwabta ta fi ƙarfin irinsu, sannan ta ba ni ta ce in kai Tsafe kada su lalace. Da sallah takan ga 'yar tamu, in mun je gaisuwa, amma a tsakiyar dangin miji, inda abin da ya halatta gare ta shi ne ta dube ta sau ɗaya ta ce, "An girma," ta juya. Da lokacin yayen tagwaye ya zo, mutanen Bungudu suka aiko a kawo su. Matata, wadda ban taɓa jin ta musa wa manya ba, ta ce yaran ba su da lafiya. Lafiyarsu ƙalau. A ɗaki ta yaye su, ta sha kukan da bakin mutane.

Ina da wani aboki, malamin lissafi, mutumin Kwatarkwashi, wanda nakan ɗauka a babur in sauke shi a mararrabarsu in wuce Tsafe. Shi kaɗai ya san abin da ke cina. Wata rana muna tafe, duwatsun garinsu sun fara bayyana, ya leƙo ta kafaɗata.

"Yau ma rahoton kwando za a kai?"

Na ce masa al'amarin na buƙatar hikima.

Ya ce, "Kai da ke koya wa yara yadda aka ci birane masu ganuwa, ka kasa ɗauko yarinya daga gidan da ko ƙyaure ba a rufewa. Ka ce, Inna, na zo tafiya da ita. In ta mare ka, ai uwarka ce."

Na yi masa lacca a kan kunya da matsayinta a ginin al'umma, tun daga nan har mararraba. Ya sauka, ya karkaɗe rigarsa, ya ce, "Allah Ya ba da lada, Malam. Ni dai a lissafinmu, in aka ce saura, ana faɗin saura nawa."

Yarinyar ta shiga shekara ta biyar kafin maganar ta fashe, kuma ba ni na fasa ta ba. Na je gaisuwa kamar kullum, na gama bayani, na rufe da cewa saura mu ga ko mai gida zai ba mu ɗakin da ke kusa. Sai Inna ta ce za ta sa Takwara makarantar boko a nan Tsafe, tunda sa'o'inta duk sun shiga.

Na ji kamar an zare min tabarma. Makaranta ai dasa bishiya ce. Na yi ta murza hula a hannu, can na ce, "Inna, da ma... akwai wata makaranta kusa da mu a Gusau. Da ma an ce ko..."

"Ko mi?"

"Ko za ta... in babu damuwa."

Inna ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da ƙunshi ɗaure a zane, ta dire shi gabana.

"Ka san wanga?"

Na ce a'a.

"Kayanta ne. Duk ƙarshen wata, in na san kana tahe, sai in sa a yi mata kitso, in yi mata wanka, in ɗaure kayanta in tura ƙarƙashin gado. In ce yau dai za shi ce. Ka zo ka zauna, ka yi ta zuba kamar rediyo, kwando kaza, ƙusa kaza, sannan ka ce saura. In ka tahi in kwance. Tun tana da riga uku nike wanga ɗauri."

Na ce, "Inna, ai da kin faɗa."

"In ce mi? Ku zo ku ɗauki ɗiyarku, ku ce tsohuwa ta gaji da jikarta? Ku kunka kawo ta, ku ke cewa gida bai kimtsu ba. Ni na taɓa ganin gida mai ɗiya ƙanana da ya kimtsu? Ku bakwai na haifa a ɗaki guda, har yau ban ga ɗayan takalmin autanku ba."

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa da sabon kitsonta tana kallonmu. Sai a lokacin na gane kitson tafiya ne. Shekara uku da wani abu ana yi mata ado don ni, ni kuma ina karanta shi a matsayin gargaɗi.

A ranar na taho da ita. Na bar babur a gidan, muka shiga mota, ta zauna a cinyata da ƙunshinta a ƙirji, ba kuka, ba magana. Na nuna mata duwatsun Kwatarkwashi, ta duba don ladabi.

Da muka shiga gida matan haya na tsakar gida, aka ɗauki guɗa. Matata ta fito daga kicin, ta tsaya, ta dubi yarinyar daga kitso har ƙafa. Na ga hannunta ya ɗaga ya koma. Ta ce, "An iso? A sa kayan can." Ta koma kicin ta kama yankan albasa, alhali an riga an sauke miya.

Da aka shiga ɗaki aka rufe ƙofa, ta jawo ta jikinta. Yarinyar ta tsaya ƙiƙam kamar ana gwada mata riga, sannan ta zame a hankali, ta durƙusa ta ce, "Maman Biyu, ina wuni."

Na nuna mata mulkinta. Ga kwandonki, ga ƙusarki, ga katifarki. Ƙusar ma ta yi mata ƙasa, don na buga ta ne daidai hannun yarinyar da na kai yaye. Ta ce, "To, Malam." Amma ƙunshin nan ba ta yarda an kwance shi ba. In an ciro riga an sa mata, da an wanke ta bushe sai ta maida ta ciki ta ɗaure. Tagwaye kuwa suka ɗauke ta baƙuwa, in ta taɓa gwangwaninsu su kai ƙara.

Ba ta yi mana rashin ji ko sau ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Da ta yi birgima ta fasa kofi, da mun san muna da 'ya. Sai dai a ba ta koko ta riƙe har ya huce. A kira magariba, kowa na maida kaya gidansa, ita kuma ta sa takalmi ta ɗauki ƙunshi ta je bakin zaure ta zauna, kamar mai bin dokar ita ma. Na sa ta makarantar, malamarsu ta ce yarinyar kirki ce, amma ko tana magana? Wuyanta ya fara fitowa. Daga Tsafe kuma ƙanena ya zo ya ce Inna lafiyarta lau, sai dai ta daina dama fura da rana, wai ba mai sha.

Wata rana bayan la'asar ina duba takardun ɗalibai a kan tabarma, ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ta jira har na ɗago.

"Malam."

"Na'am."

"Yaushe za a maida ni gida?"

Na ce ai nan ne gida. Ta dubi ɗakin, ta dubi kantar nan da kwanduna a jere, ta ce, "Nan gidanku ne." Ba da tsiwa ba. Gyara ta yi min, irin wanda nake yi wa ɗalibai in sun sa gari a ƙasar da ba tasa ba.

Uwar na bakin murhu, ta ji. Bayan kwana biyu, da safe, tana zuba min ruwan zafi, ta ɗago maganar. Ta ce, "Malam, ka maida ta."

Na fara jawabi a kan haƙuri da sabo, ta katse ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Na ga yadda anka raba ta da ni tana kuka, ban ce komai ba. Ba zan zauna in ga ana raba ta da wata uwar tana shiru ba. Kukan ya fi sauƙi."

Ranar da za mu tafi ta zaunar da ita a tsakar gida, a gaban duk matan haya, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso da hannunta. Ta daɗe tana yi, ta kwance layi ta sake, ta kwance ta sake. Wata ta ce, "Maman Biyu, yau kunya ta tafi hutu?" Ta ce, "Ta tafi." Ita ta ɗaure ƙunshin, ta sa kofin robar nan da ya dawo tare da ita, ta raka mu har bakin titi.

Inna ta gan mu, ta ga ƙunshi, ta buɗe baki za ta yi faɗa. Yarinyar ta saki hannuna ta ruga ta faɗa jikinta, ta fashe da surutu, labarin mota, labarin tagwaye, labarin wata kyanwa. Ban san tana da murya haka ba. Inna ta dube ni ta saman kanta, ta ce, "Ka ci abinci?" Iyakar shari'ar ke nan.

A Tsafe ta girma. Takan zo mana hutu, ta koma. Ita ta yi jinyar Inna har Allah Ya karɓi abarsa, a lokacin kuwa ta riga ta zama budurwa, ta shiga makarantar koyon jinya, daga can sai aure. Babu gaba tsakaninmu, ko kusa. Tana kiran uwarta a waya kusan kullum, su yi ta hira kamar ƙawaye, ta aiko min da magani in ta ji ina tari. Mun bar haya, mun gina namu, kuma har yau gidan nan kowane abu da gidansa. Baƙi kan yaba.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, don aikin malamin tarihi ke nan, ban samu ba. Inna ta yi kara, matata ta yi kunya, ni na yi ladabi. Kowa ya yi abin da aka koya masa, ya kuma yi shi da kyau. Mutum uku masu son yarinya ɗaya suka tsaya a bakin ƙofa kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga, har aka rufe. Abin da kawai nake gaya wa matasan malamai in sun zo da kukan gida ya rikice shi ne, su sayi kwando, su buga ƙusa, abin yana da amfani. Amma kada su jira sai gida ya kimtsu kafin su tara 'ya'yansu a ciki. Yaro ba ya jiran a gama shara, girma yake yi a duk inda aka aje shi.

Nakan lallashi kaina cewa ba a yi asara ba. Inna ta samu mai rufe mata ido, yarinya ta samu tarbiyyar da ni da kwandunana ba za mu iya ba ta ba, jini kuma ba ya ɓata, duk inda ya zaga gida yake dawowa. Na faɗi haka a raina sau da yawa har na kusa haddace shi, kuma ranar da ta kawo mana jaririnta wata biyu da suka wuce, na zauna a falo ina jin muryarsu ita da uwarta a kicin, na ce lallai maganata ta tabbata.

Can na ji ta ce, "Maman Biyu, a ina kuke aje cokali?"